Kundin aikin horar da jagororin matasa a duwatsun Jos

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau muka buɗe zaman farko a wani aji da wata makaranta ta ara mana. Abin da muka sa gaba shi ne, kafin mu ɗauki ɗan kowa mu kai shi daji, mu fara samun manyan da suka san abin da suke yi. Shirin na 'yan shekara 15 zuwa 18 ne, maza da mata: tafiyar ƙasa ta kwana biyu ko uku a duwatsun gabashin Jos, kowa da kayansa a baya, su dafa abincinsu, su kafa tantinsu, su nemo hanyarsu da taswira.

Yawancin waɗanda suka zo malaman sakandare ne. Akwai ma'aikaciyar jinya, da tsohon soja, da wasu 'yan Sikawut da suka girma cikin harkar, da wani direban babbar mota da ya ce shi dai son hawan dutse ne ya kawo shi. Akwai Musulmi akwai Kirista, kuma da gangan muka nemi hakan. Duk wanda ya san Jos ya san dalili.

Tambayar farko daga tsohon sojan ta fito: “Malam, yaushe za a fara fareti?” Na ce Baba, babu fareti a wannan tsarin. Abin da jama'a suka fi gani na ƙungiyar matasa ta Man O' War kaki ne da maci a wajen taro, amma tushen abin ba nan yake ba. A 1951 Alec Dickson ya kafa cibiyar horon da ƙungiyar ta samo asali daga gare ta a gaɓar Man O' War da ke kusa da Victoria, wato Limbe ta yau a Kamaru, bisa tsarin Outward Bound da Kurt Hahn ya fara a Wales a 1941. Tunaninsu shi ne a jefa matashi cikin wahalar da aka auna, a teku ko a dutse, ya gano cewa ya fi ƙarfin abin da yake zato, kuma ba zai kai ba sai da 'yan'uwansa. Makarantar dutse ta cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci, wadda ta gaji waccan cibiyar, tana nan a duwatsun Shere, ga ta a ƙofar gidanmu. Mu ba reshensu ba ne, amma daga wannan rijiyar muke ɗiba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Taswira da kamfas. Mun samu kwafin tsohuwar taswira mai ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda kilomita 1 ne a ƙasa. Ta tsufa ƙwarai: inda ta nuna fili yanzu gidaje ne, wasu hanyoyin kuma ciyawa ta cinye. Amma dutse ba ya tashi daga inda yake, rafi ma haka, shi ya sa muka fi ba da ƙarfi a kan karanta layukan da ke nuna tudu da kwari. In sun matsu da juna, hawa ne mai tsini. In sun buɗe, ƙasa ta kwanta. Malamin labarin ƙasa ya koyar da wannan shekara da shekaru a allo, amma da aka fita da shi waje aka ce ya daidaita takardar da dutsen da ke gabansa, sai da ya juya ta ya sake juyawa. Dariya ya yi, ya ce ashe jarrabawa kawai yake koyarwa.

Kamfas ya shiga kan mutane ne da muka zo kan alƙibla. Daga Jos, Makka tana wajen digiri 65 daga arewa, wato gabas ce da ta karkata arewa, ba gabas sak ba. Kowa ya ɗauki nasa ya nemo, daga nan sauran darasin ya zo da sauƙi.

Mun kuma yi lissafin lokaci da ƙa'idar Naismith ta 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Wannan lissafin ƙato ne mai lafiya wanda bai ɗauki kaya ba. Ga yaranmu mun tsaya a kan kilomita 3 a awa, ban da hutu da sallah. Waya mai GPS tana jakar jagora, da taswirar da aka sauke tun daga gida, amma ba da ita yara za su nemi hanya ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ranar taimakon gaggawa, kuma ranar da aka fi musu. Sista, ma'aikaciyar jinyar nan, ita ce ta ja zaman.

An wuce bororon ƙafa da targaɗe da karaya ba gardama, sai dai ta ja kunne cewa aikin jagora ya tallafe ƙashi ya hana shi motsi, ba ya yi ɗori ba. Farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya kuwa an yi shi a kan matashin kai: danna ƙirji 30, hura iska 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da yawa sun san sunan abin, ba su san awon ba.

Da aka zo kan saran maciji sai aji ya rabu. Kusan kowa da abin da ya gada: a ɗaure sama da wurin tamau, a tsaga da reza, a tsotse, a manna baƙin dutse. Sista ta ce duk a ajiye. Ɗaurin tamau kan kashe ƙafar da ake son ceta. Tsagawa kuma ta fi muni in kububuwa ce, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi, sai ka buɗe ƙofar da ba za ka iya rufewa ba. Ta ce mugun halin kububuwa shi ne mutum ya ga kamar ya ji sauƙi, can sai dasashi ya fara jini. Abin yi: a matsar da mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a tallafe gaɓar kamar wadda ta karye, a ɗauke shi, kada ya taka, a nufi asibitin da ke da maganin dafi. Kada a tsaya farautar macijin. Idan kumurci ya yi tsartuwa a ido, ruwa mai yawa ake ta zubawa. Haka ma in ruwan ƙerana ya shiga, kuma ƙerana ita ce shingen gonaki da yawa a ƙauyukan nan.

Kububuwa ta fi yawa a ƙasa-ƙasa, wajen Langtang da Shendam, shi ya sa asibitin Zamko ya yi suna a wannan fanni, kamar na Kaltungo a Gombe. Duk da haka mun sa a ƙa'ida cewa kafin kowace tafiya sai an kira asibitin da ya fi kusa an tabbatar akwai maganin a ranar. Tsohon sojan bai gamsu da maganar ɗauri ba. Ya ce, “Sista, mu da haka muka ceci mutane.” Ta ce, “Baba, Allah ne ya cece su, ƙila ma macijin bai zuba dafi ba.” Bai amsa ba, amma na ga ya rubuta.

Sai sikila. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya na ɗauke da ƙwayar, don haka a kowane ayari sai mu sa ran samun mai AS, wani lokaci ma mai SS. Sanyi da ƙishirwa da gajiya mai tsanani, abubuwan da ke tayar da ciwon, su ne kayan wannan tafiya. Wasu sun ce a hana masu SS kawai. Ban yarda ba, Sista ma haka. Mun tsaya a kan takardar likita, da gajeriyar hanya, da zango kusa da inda mota ke isa. Mai asma kuma abin shaƙarsa a aljihunsa zai kasance, ba a ƙasan jaka ba, balle ga hazon hunturu na tafe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kasuwar Katako, layin 'yan gwanjo. Mun samu jakunkunan goyo da rigunan sanyi da buhunan barci masu kyau a kan kuɗi mai sauƙi. Tanti ne ya yi tsada, sai wani tela ya ce zai gwada ɗinka mana da tamfol. Takalmi kowa zai zo da nasa, sharaɗi dai kada ya zama sabo. Kayan yaro kada su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa, kuma lita 1 ta ruwa kaɗai kilo 1 ce.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Zaman da ba wanda ke jin daɗinsa, amma ba don shi ba da ban sa hannu a aikin nan ba: kare yara daga manyan da ke tare da su. A Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ko da ya fi jagoransa tsawo. Ƙa'idojinmu: babu babba ɗaya da yaro ɗaya a inda ido ba ya kai. Kowane ayari da manya biyu aƙalla. Ayarin mata da jagorori mata, zangonsu daban. Babba ba ya kwana a tantin yara. Ba a tura wa yarinya ko yaro saƙon waya a keɓe, sai a dandalin da iyaye ke ciki. Babu bulala, babu tsallen kwaɗo, babu zagi. Kowane jagora zai kawo mutum biyu da za su tsaya masa, mu kuma za mu kira su da kanmu.

Wani malami ya ji haushi, ya ce shekarunsa nawa yana koyarwa, yanzu za a mai da shi abin zargi. Hajiyar da ke shugabantar ɓangaren mata ta ce, “Malam, dokar nan kai ma take karewa. Ran da aka yi maka ƙazafi, wa zai zama shaidarka in kai kaɗai ne?” Nan maganar ta mutu.

Da yamma muka zauna da iyaye. Tambayoyinsu sun fi namu kaifi: tsaro, sallah, inda 'ya'ya mata za su kewaya, wa za a kira in dare ya yi. Wani uba ya ce ba zai bar 'yarsa ta kwana a daji ba ko da wa za ta tafi. Ba mu ja da shi ba. Daga nan ne ma aka samu shawarar a buɗe tafiyar wuni ɗaya ga waɗanda iyayensu ba su yarda da kwana ba, a kuma bar ƙofa ga uwa ko yaya da ke son shiga horon. Mata biyu sun ba da suna a take.

Asabar, 7 ga Disamba

Gaisuwar masu ƙasa da duba hanya. Duwatsun nan ba daji ne marar mai shi ba. Yankin Shere ƙasar Afizere ce, akwai gonakin acca da dankalin Turawa, akwai burtali da rugage, akwai kuma wuraren da mutanen gari ke girmamawa waɗanda baƙo ba ya shiga. Mun gai da dagaci, mun gai da Arɗo, mun kai takarda ga baturen 'yan sandan yankin. Dagacin ya haɗa mu da wani mafarauci da ya nuna mana idon ruwan da ba ya ƙafewa da rani, abin da babu shi a taswirarmu. Ya kuma hana mu wani kwari da muka zaɓa don zango, ya ce hanyar wuta ce in an fara ƙunar daji.

Mun yi wa kududdufan haƙar kuza jan alama. Daga nesa ruwa ne kwance mai ban sha'awa, amma rami ne mai zurfi, gefensa a tsaye, ruwansa da sanyi, kuma sun ci rayukan yara da dama a wannan jiha. Babu wanka, ko ga wanda ya iya iyo. Ruwan sha kuwa ko a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar Aquatabs a jira minti 30.

Mun kuma yanke cewa ba za mu yi hawa ko saukar dutse da igiya da kanmu ba. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, horon 'yan Asabar ba ya isar ta. In yara sun kai nan, sai mu kai su wurin masu kayan da ƙwarewar.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Jagorori sun yi tasu tafiyar, manya zalla, daga bayan Juma'a zuwa yammacin jiya. Ƙololuwar Shere ta kai wajen mita 1,829, kuma ko ba a kai can ba, sanyin Janairu a kan dutse ba irin na cikin gari ba ne. Waɗanda suka raina maganar shimfiɗa sun gane cewa ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Tantin tela ya tsaya, sai dai raɓa na taruwa a ciki, za a buɗe masa taga. An gwada usur: busa 6, a dakata minti 1, a maimaita, alamar neman agaji ke nan, amsa kuma busa 3. An gano wurare biyu da waya ke samun sabis, an sa su a taswira.

Abin da ya fi jan hankalina ba sanyin ba ne. Mun sa a riƙa karɓa-karɓar jagoranci, kowa awa ɗaya. Duk lokacin da mai jan ayari ya tsaya yana nazari, kafin ya buɗe baki mutum uku sun faɗa masa hanya. Manya ne fa, suke yi wa junansu haka. Na ce a raina, ina ga an ba su yara.

Asabar, 18 ga Janairu

An ba su yara. Wuni ɗaya, gajeriyar hanya, 'yan aji ɗaya da biyu na babbar sakandare, ayari-ayari na mutum 6. Mun ari tsarin lambar yabo ta Duke of Edinburgh, wadda aka fara a 1956: ayari na mutum 4 zuwa 7, matakin farko kwana ɗaya da yini biyu, na biyu kwana biyu da yini uku, na ƙarshe kwana uku da yini huɗu. Ginshiƙin tsarin shi ne matasan ke tsara tafiya su kuma ja ta, babba yana lura daga nesa, yana haɗuwa da su a wuraren da aka yi alkawari. Mu ba mu kai ga barin su su kaɗai ba tukuna, amma umarnin yau shi ne jagora ya bi baya da tazara, kada ya yi magana sai an shiga haɗari.

Wannan ya fi taswira da maciji wuya nesa ba kusa ba. Malamin makaranta an gina shi a kan gyara kuskure tun kafin ya faɗi ƙasa. Uba kuma ba ya iya kallon yaro ya ɗauki hanyar banza ya yi shiru. Ga al'adarmu a kai, inda babba ke faɗa yaro ke bi, har su yaran ma da suka iso mararraba sai suka juyo gaba ɗaya suna kallon fuskar malam, taswirar na hannunsu. Wani jagora bai ce komai ba, amma ya tsaya yana fuskantar hanyar da ta dace yana gyaran murya. Wannan ma faɗa ne.

Ayari ɗaya ne aka bari da gaske, na direban nan. Sun bar hanya, sun yi kusan awa guda suna bin wani kwari, yana biye da su hannu a aljihu. Wata yarinya ce ta lura rana ta koma inda bai kamata ba, aka yi gardama, aka dawo. Su suka iso ƙarshe, kuma su kaɗai ne suka iya nuna mini da yatsa inda suka bi, da inda suka kauce, da dalili. Sauran sun iso da wuri, amma da na tambaye su ta ina suka zo, sai suka ce malam ne ya sani.

A zaman bita direban ya ce shi a tasha ya koyi wannan: yaron mota ba ya zama direba sai maigida ya koma kujerar gefe ya kama bakinsa, amma hannunsa na kusa da birki. Daga nan muka shiga ainihin aikin, wato yaushe ake jan birkin. Mun raba abu biyu. Akwai wahala: ɓata na awa ɗaya, shinkafa ta ƙone, tanti ya faɗi, a yi cacar baki, a gaji. Wannan nasu ne, shi ne ma karatun, wanda ya ɗauke musu shi ya yi musu sata. Akwai kuma haɗari: bakin gangare, kududdufi, wuta, ruwan sha ya kusa ƙarewa, yaro ya fara jiri ko ya daina magana, rana ta kusa faɗuwa ba a kai zango ba, ko ayari ya taru a kan mutum ɗaya da wulaƙanci. A nan babu shawara, jagora ya shiga nan take da murya ɗaya. Tsakanin biyun kuwa, makaminsa tambaya ce: ina kuke jin muke? Me kuka gani da ya nuna haka? Saura awa nawa magariba?

Tsohon sojan ya ba ni mamaki. Na ɗauka shi zai fi kowa shan wuya, sai ga shi ya fi malamai haƙuri. Ya ce a soja ma ba a sanin kofur sai ran da sajan ba ya nan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Tantancewa. Kowa ya ja ayari a hanyar da bai sani ba, aka kuma shirya masa matsala ba tare da sanarwa ba: wani ya kwanta ya ce maciji, wata ta ce ƙafarta, wani ya ɓuya a bayan dutse don a ga ko jagora yana ƙirga mutanensa. Wannan na ƙarshen ya kayar da mutane fiye da zato. Wani ya yi tafiya mai nisa bai san ayarinsa ya ragu ba.

Kusan rabi sun cancanci riƙe ayari. Sauran za su fita a matsayin mataimaka su sake gwaji. Mutum ɗaya muka ce ya dakata gaba ɗaya. Ya fi kowa ƙarfi da sanin dutse, amma ya kira yaron da ya gaji rago a gaban 'yan'uwansa, aka yi masa magana, ya sake. Faɗa masa bai yi daɗi ba. Hajiya da Sista duk sun wuce, haka ɗaya daga cikin iyaye matan da suka shigo daga baya, don haka ayarin mata ya samu manyansa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Inda muke. Ana sa ran azumi a farkon Maris, don haka tafiyar kwana ta farko da yara sai bayan ƙaramar sallah, a hutun zangon karatu na biyu, kuma dole ta zo kafin damina ta kankama. Ruwa kan fara a Jos cikin Afrilu, da iska da tsawa, kan dutse kuwa ba wurin tsayuwa ba ne in hadari ya haɗo. Akwai zama ɗaya da za mu ƙara a kan haka: a sauka daga tudu, a nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai, a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. 'Yan aji uku ba sa cikin wannan zagayen saboda JAMB da WAEC.

Takardun amincewar iyaye da na lafiya sun fara dawowa, na mata sun fi jinkiri. Har yanzu ba mu da motar da za ta kwana a kusa da zango, kuma ba za a tafi ba sai an same ta. Akwatunan magani biyu sun cika, na uku saura bandeji da almakashi. A cikin azumi za a yi zaman aji ne kawai da safe: yaran za su zo su zana hanyarsu, su yi lissafin abinci da kuɗinsa, jagorori kuma an ce su zauna a layin baya. Asabar mai zuwa za mu koma wurin dagaci da Arɗo da ranar da aka tsayar.